Za a iya sa wa kwamfuta son zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. Aikin bincikena shi ne gina wakilai a cikin kwamfuta da za su kwaikwayi mazauna unguwa idan an yi gargaɗin ambaliya. Matsalata ita ce wakilan nawa sun fi mutane hankali: da an yi gargaɗi sai kowa ya kwashe kayansa ya tashi. Mutanen gaske kuwa sai ka ji suna cewa ruwan ba zai kawo nan ba. Mai duba aikina ya ce in sa musu tsoro da fata, yadda za su riƙa karkatar da abin da suka gaskata. Ta ina ake farawa? Sannan ba ɓata basirar na'ura ba ne a koya mata ruɗin kai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai duba aikinka ya ɗora ka a kan hanya, kuma hanyar ta daɗe ana bin ta. Tun 1963 Robert Abelson na jami'ar Yale yake rubutu a kan yadda za a kwaikwayi tunani mai zafin rai da kwamfuta. Kayan aiki akwai su da yawa, sai dai a san wanda za a ɗauka da wanda za a bari.

Tambayarka ta biyu ita ce mai sauƙi, bari mu kawar da ita. Wakili iri biyu ne a fagen ƙirƙirarriyar basira. Akwai wanda aka gina don ya yi mana aiki: ya duba hoton huhu, ya tuƙa mota, ya yi hasashen ruwan sama. Shi wannan ba a sa masa son zuciya a cikin abin da ya gaskata ko kaɗan. In ana so ya yi taka-tsantsan, a wurin yanke shawara ake sa masa, a ce ko da yiwuwar haɗari kashi 5 ce cikin ɗari ya taka birki, amma lissafin yiwuwar a bar shi yadda yake. Akwai kuma wanda aka gina don ya tsaya a matsayin mutum a cikin gwaji, irin naka. Shi ingancinsa ana auna shi ne da yadda ya yi kama da mutumin. Idan wakilanka duk suka gudu da jin gargaɗin farko, hukumar da ta dogara da aikinka za ta tanadi kwalekwale kaɗan, don ta ɗauka ba wanda zai rage a gida. A nan wakilin da ba ya ruɗin kai shi ne mai kuskure.

Abin da masu fara wannan aiki suka fi yi shi ne su je kai tsaye kan lambar yarda. Wakili yana da lamba da ke nuna yadda ya gaskata ruwa zai zo, a ce 0.7, sai a rubuta layi ɗaya a manhaja: idan ba ya son abin, a rage masa 0.3. Wannan zai ba ka wakilin da ruwa ya kai masa wuya yana ta cewa babu ambaliya. Ziva Kunda, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta tattara binciken shekaru masu yawa a wata maƙala ta 1990 da har yau ake komawa gare ta. Abin da ta fitar shi ne, mutum yana kai wa ga sakamakon da ransa ke so ne kawai idan ya iya haɗa hujjar da shi kansa zai ga ta yi kama da adalci. Ba ya jin yana yaudarar kansa, a ganinsa nazari yake yi. Son zuciya yana shiga ne a wurin wace hujja aka nema, wace aka tuna, wace aka tsananta wa bincike, da yaushe aka ce binciken ya isa haka. Shawarata gaba ɗaya a kan wannan ta tsaya: lambar yarda kada komai ya taɓa ta sai hujja. Motsin rai ya yi aikinsa a kan hanyar da hujjar ke bi kafin ta iso.

Ga yadda abin yake da lambobi. Ƙa'idar Bayes, wadda da alama da ita wakilanka ke aiki yanzu, a sauƙaƙe cewa take: ka riƙe rabo tsakanin "zai faru" da "ba zai faru ba", duk hujjar da ta zo ka ninka rabon da ƙarfinta. A ce magidanci ya fara da rabo 1 ga 4, wato kashi 20 cikin ɗari ruwa zai shigo gidansa. Rediyo ta yi gargaɗi, kuma irin wannan gargaɗin ya fi fitowa ninki 4 idan ambaliyar da gaske ce. Rabo ya koma 4 ga 4, kashi 50. Mai unguwa ya aiko da tasa sanarwar daga wata majiya dabam, mai ƙarfi iri ɗaya: 16 ga 4, kashi 80. Sai maƙwabci ya dawo daga bakin kogi ya ce shi dai ya ga kamar ruwan ya ja baya, hujja mai rauni da ke raba rabon biyu: 8 ga 4, kusan kashi 67. Idan ƙa'idar wakilin ita ce ya tashi da zarar yiwuwar ta haura kashi 60, tun a sanarwar mai unguwa ya ɗaure kaya, maganar maƙwabci kuma ba ta dawo da shi ba.

Yanzu ɗauki wakili na biyu, wanda ba ya son barin gidan. Bai ƙaryata rediyo ba, nauyi kawai ya rage mata. Labarin da bai yi masa daɗi ba, maimakon ya ninka da cikakken ƙarfinsa, yana ninkawa da 2 a madadin 4. A lissafi, fawa 0.5 ke nan aka ɗora wa ƙarfin hujjar, wato an ɗauki lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ƙarfin; fawa 1 kuwa ba ta rage komai. Rabonsa ya tashi daga 1 ga 4 zuwa 2 ga 4, sannan 4 ga 4. Maganar maƙwabci kuwa da ta zo, ya karɓe ta da cikakken nauyinta: 2 ga 4, kashi 33. Labari uku iri ɗaya suka ji, ɗaya yana kan 67 ɗaya yana kan 33, kuma na biyun in ka tambaye shi zai jero maka dalilansa tsaf. Abin da ya sa na fi son wannan tsarin shi ne abin da ke faruwa idan ruwa ya iso bakin zaure. Wannan hujja ce mai ƙarfi, a ce ninki 100. Ko ya rage mata nauyi ta koma 10, rabonsa ya zama 20 ga 4, kashi 83, dole ya tashi. Ya tashi a makare, cikin dare, hanya ta riga ta yanke, kuma wannan makarar ita ce kake son samfurinka ya nuna.

Abin da ya fi wuya shi ne daga ina 0.5 ɗin ta fito. In ka kafa ta ga kowa da kowa a kowane lokaci, taurin kai ka kwaikwaya kawai. Dole lambar ta riƙa hawa da sauka gwargwadon halin da wakilin ke ciki. A nan ake aro daga Richard Lazarus, wanda ya koyar a jami'ar Berkeley. A ra'ayinsa motsin rai yana fitowa ne daga hukuncin da mutum ya yi wa lamari: ya shafe ni? alheri ne ko sharri? wa ya jawo? ina da abin yi a kai? Bayan hukuncin sai mutum ya nemi mafita, ita kuma iri biyu ce, ko ya gyara lamarin ko ya gyara yadda yake jin lamarin. Wanda ke da abin yi yakan bi ta farko. Wanda ya ga ba yadda zai yi yakan bi ta biyu: ya musanta, ya yi fata, ya ɗora wa wani laifi, ko ya saduda.

Jonathan Gratch da Stacy Marsella sun mayar da wannan ra'ayi manhaja, suka kira ta EMA, a wata cibiya ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyin kafawa a 1999. Ɗaya daga wuraren da suka fara gwada tunanin wani atisaye ne na kwamfuta don horar da ƙananan hafsoshi. Ɗalibin hafsa yana tsaye gaban ƙaton allo, an sa shi a wani gari a Bosniya. Motar rundunarsa ta yi karo da ta farar hula, yaro yana kwance a ƙasa da rauni, uwarsa tana kansa, saje kuma yana jiran umarni. Uwar da sajen duk wakilai ne. Sajen yana ɗauke da bayanin wa ya yi me, me ya jawo me, da wane burinsa ne ke cikin haɗari. Idan lissafin ya nuna laifin a ɓangarensa yake, damuwarsa ta hau, ɗaya daga mafitar da ke gabansa ita ce ya ture laifin zuwa ga mutanen ɗaya motar, kuma hakan yana fitowa a yadda zai ba hafsan labarin haɗarin. Abin da za ka ɗauka daga EMA shi ne zagayen: yarda ta haifi hukunci, hukunci ya haifi motsin rai, motsin rai ya zaɓi mafita, mafitar ta dawo kan yardar, sai a sake lissafi. A wurin Gratch da Marsella fata yana ɗan tura lambar yiwuwa ne da kansa, kaɗan-kaɗan. Ni na fi son a bi ta nauyin hujja, saboda dalilin ruwan bakin zauren nan.

A aikinka, ma'anar wannan ita ce nauyin da wakili zai rage wa mugun labari ya danganta da abu biyu: girman abin da zai rasa, da ƙarancin abin da zai iya yi. Ma'aikaci mai mota, mai ƙane a wata unguwa, gargaɗi yana ba shi tsoro, amma tsoron yana da inda zai zuba, ya loda iyali ya tafi. Fawarsa tana kusa da 1. Tsohuwa mai awaki da buhunan hatsi, ba abin hawa, ba wurin zuwa, ga shi ta ji ana sata a gidajen da aka bari, ita ce fawarta za ta faɗo 0.5 ko ƙasa da haka, kuma hakan bai nuna ya fi ta hankali ba. Masu nazarin saƙonnin kiwon lafiya sun daɗe da ganin wannan. Kim Witte ta tsara shi a 1992: saƙo mai ban tsoro yana sa mutum ya ɗauki mataki idan ya ga matakin zai yiwu kuma zai yi amfani, in ba haka ba sai ya bar haɗarin ya koma yaƙi da tsoron, ya toshe kunne. In ka gina wannan daidai, samfurinka zai fitar da abin da wakilanka na yanzu ba za su taɓa fitarwa ba. Zai nuna cewa ƙara wa gargaɗi zafi, ba tare da an faɗi inda za a je da motar da za ta kwashi mutane ba, yana iya ƙara yawan masu zama a wani rukunin jama'a.

Bayan rage nauyi, wurin da na fi ganin amfaninsa shi ne lokacin da ake daina bincike. Peter Ditto da David Lopez sun yi wani gwaji a 1992 da ya kamata ka sani. Sun gaya wa ɗalibai akwai wani sinadari a jiki da rashinsa ke jawo cuta a gaba, alhali sinadarin ƙirƙirarsa suka yi. Aka ba kowa 'yar takarda ya tsoma a yawunsa ya ga ko za ta sauya launi. Takardar ba komai a jikinta, ba za ta taɓa sauyawa ba. Wasu an gaya musu rashin sauyawa alamar lafiya ce, wasu kuma an ce musu alamar matsala ce. Na farkon suka duba, suka gamsu da wuri. Na biyun suka fi daɗewa suna jira, kuma suka fi sake tsoma takardar, wasu har suna maimaitawa. In ka duba kowane mutum shi kaɗai, ba wanda ya yi rashin hankali. Sake gwaji ai abu ne mai kyau. Karkatar tana fitowa ne idan ka jera su, ka ga labari mai daɗi an karɓe shi da hujja ɗaya, mara daɗi an nemi uku. A manhaja layi kaɗan ne: bayan kowace hujja wakili ya tambayi kansa ko ya ƙara nema, kuma ya fi saurin cewa ya isa idan inda lissafin ya tsaya ya yi masa daɗi.

Sauran wurare biyun da son zuciya ke shiga, a taƙaice. Akwai gudun labari tun kafin ya iso: wani bincike na 2009 da George Loewenstein ke cikin marubutansa ya nuna masu zuba jari ba su cika leƙa asusunsu ba idan kasuwa tana faɗuwa. Wakilinka ya iya kashe rediyo. Akwai kuma tuni. Gordon Bower ya yi rubutu a 1981 a kan yadda mutum ya fi tuna abin da ya dace da yanayin zuciyarsa na yanzu. Ka ba wakili ma'ajiyar abubuwan da suka taɓa faruwa da shi, wanda ba ya son tashi ya fi saurin jawo shekarar da aka yi gargaɗi ruwa bai zo ba.

Kada ka ɗauka karkata kullum wajen daɗi take ja. "So hana ganin laifi" rabin labarin ne. Miji mai kishi yana gaskata abin da ya fi tsana a duniya da hujja 'yar ƙarama. Alfred Mele, masanin falsafa da ya daɗe a kan batun ruɗin kai, ya bayyana wannan da tsadar kuskure: mutum yana neman hujja mai yawa kafin ya yarda da abin da kuskuren yarda da shi zai yi masa tsada, yana neman kaɗan idan kuskuren ƙin yarda ne mai tsadar. Mai kishi a wurinsa a ce an cuce shi bai sani ba ya fi zafi a kan ya yi zargi a banza. Sannan motsin rai mara daɗi ba iri ɗaya ba ne. Jennifer Lerner da Dacher Keltner sun nuna a 2001 cewa mai tsoro yana ganin haɗari ya fi yawa, mai fushi kuwa yana ganin ya fi ƙanƙanta, duk da su biyun ransu a ɓace yake. Bambancin yana wurin hukuncin nan na Lazarus: mai fushi yana ji ya san wanda ya jawo kuma yana da abin yi, mai tsoro ba ya jin haka. Don haka awo ɗaya mai tafiya daga "daɗi" zuwa "rashin daɗi" ba zai ishe ka ba. Mazaunin da ke fushi da hukuma, yana ganin dabara ce ta raba shi da filinsa, wakili ne dabam da mai tsoro, ko da su biyun sun zauna.

Tunda unguwa kake kwaikwaya, sai ka sa yaɗuwa. Ran 4 ga Mayu 2010, mutane kusan 20,000 sun taru a dandalin Dam da ke Amsterdam don tunawa da mamatan yaƙi, Sarauniya Beatrix tana wurin. Ana cikin shirun minti biyu sai wani mutum ya kwarma ihu. Nan take wuri ya ruɗe, shingayen ƙarfe suka faɗi da ƙarar da wasu suka ɗauka harbi ne, aka ture juna, gommai suka ji rauni. Babu bam babu bindiga. Amma shekara guda kafin nan wani ya kutsa da mota cikin taro a Apeldoorn yana nufin iyalan gidan sarauta, zaton hari bai yi nisa da zukata ba. Tibor Bosse da Jan Treur da abokan aikinsu a jami'ar VU ta Amsterdam sun bi motsin mutane a bidiyon ranar, suka gina wakilai masu yaɗa wa juna tsoro da zato da niyya, samfurin da ke da yaɗuwar kuma ya fi dacewa da inda mutane suka nufa a kan wanda babu ita. A ambaliya natsuwa ma tana yaɗuwa: ganin maƙwabci yana shan shayi a ƙofar gida hujja ce mai daɗi, kuma mun ga yadda ake karɓar irinta.

Duk wannan gini ne, shi ne ɓangaren da ke da daɗin yi. Tabbatar da cewa abin da ka gina daidai ne shi ne inda aiki yake. A farkon shekarun 1970 Kenneth Colby, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Stanford, ya gina wata manhaja mai suna PARRY, mai kwaikwayon wanda ke fama da cutar yawan zargin ana neman cutar da shi. An ba ta tarihin wani mai cacar tseren dawaki da ya yi rigima da mai karɓar caca, yake ganin 'yan Mafia na farautarsa. A cikinta akwai awo na tsoro, na fushi, da na rashin yarda da mutane. Likita yana buga tambaya. In ta taɓa wani abu mai alaƙa da labarin, awon ya hau, da ya hau kuma tambaya ta gaba ko ta alheri ce sai a karanta ta a matsayin tarko. Da aka haɗa hirarrakinta da na marasa lafiya na gaske aka ba likitocin ƙwaƙwalwa, sau 48 cikin ɗari kawai suka gane daidai wace ce ta manhaja wace ce ta mutum, wato bai wuce canki-canka ba. Amma wannan nasara ba ta tabbatar da cewa haka cutar take aiki a kan ɗan Adam ba. Ta nuna dai 'yan awo uku sun isa su ruɗi ƙwararre a gajeriyar hira.

A nan 'yan kwamitin jarrabawarka za su kama ka. Kusan duk halin da ka ce son zuciya ne ya haifar, wani zai iya fitar da shi da wakili mai tsantsar lissafi in ya sauya abin da wakilin ya fara da shi. Tsohuwar nan da ta rage wa rediyo nauyi, wataƙila an sha yin gargaɗi a baya ruwa bai zo ba, to rage wa rediyon nauyi shi ne daidai. Wataƙila ma ta gaskata ɗari bisa ɗari ruwa zai zo, ta dai auna ta ga barin awakinta ya fi mata tsada. Daga waje duk zama ne a gida, amma dalili uku ne mabambanta, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Gardamar ta daɗe a tsakanin masana. Charles Lord da Lee Ross da Mark Lepper sun nuna a 1979 cewa masu goyon bayan hukuncin kisa da masu adawa da shi sun karanta bincike iri ɗaya, kowa ya ce ya ƙara tabbata a kan ra'ayinsa. A 2014 Alan Jern da abokan aikinsa suka nuna da lissafi cewa masu bin Bayes sau da ƙafa ma za su iya rabuwa haka, idan fahimtarsu ta yadda hujjar ta samu ta bambanta. Haka ya faru da binciken Tali Sharot na 2011 a Landan, inda aka ga mutane sun fi gyara hasashensu idan aka ce musu haɗarin cuta ko sata bai kai yadda suka zata ba, a kan idan aka ce ya fi. A 2016 Punit Shah da Adam Harris da Ulrike Hahn da wasu suka nuna cewa wakilan kwamfuta marasa son komai na iya fitar da sakamako mai kama da wannan a irin wannan gwajin. Sharot ta mayar da martani, maganar kuma ba ta mutu ba.

Hanyar rarrabewa ita ce a riƙe hujja yadda take a sauya abin da mutum ke so kawai. David Eil da Justin Rao sun yi haka a 2011: sun ba mutane labari a kan matsayinsu na basira ko na kyau a cikin rukuni, suka kwatanta da labari mai tsari iri ɗaya a kan wata lamba da ba ruwan kowa da ita. Karkata wajen labari mai daɗi ta fito a inda abin ya shafi mutuncin mutum, ba ta fito a lambar ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka samu haka ba, wasu ma sun ga akasinsa, saboda haka kada ka rubuta a kundinka cewa 0.5 ko wata lamba ita ce ta ɗan Adam. Abin da zan so in gani a wurinka shi ne samfuri uku suna takara a kan bayanai iri ɗaya: mai son zuciya, mai tsantsar lissafi da ba ya amince wa majiyar, da mai yarda amma tashi ya yi masa tsada. Kafin ka taɓa bayanan gaske, ka ƙirƙiro na bogi daga wakilan da ka san fawarsu, ka ga ko hanyar lissafinka za ta iya gano ta. In ba ta iya ba a nan, a fili ma ba za ta iya ba. In kuma za ka yi tambayoyi a unguwa, kada ka tsaya a "kun tashi ko ba ku tashi ba". Ka tambayi mutum yadda yake ganin yiwuwar ruwa ya shiga gidansa, da yadda yake ganin ta ga wani gida mai tudu iri ɗaya da nasa a can gefe. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ta fi kusa da abin da kake nema.

Na san wani zai ce maka me ya kai ka wannan wahalar, ka ce wa ChatGPT ko makamancinsa ya zama tsohuwa mai tsoro kawai. Zai yi, kuma maganar za ta yi daɗin ji, irin daɗin da PARRY ta yi wa likitoci. Sai dai ba za ka ga lambar da ke ciki ba, ba za ka iya riƙe hujja ka sauya so shi kaɗai ba, kuma waɗannan manhajojin suna da tasu karkatar ta dabam: jan amsa zuwa ga abin da mai tambaya ke son ji. Tana samo asali ne daga horon da ake musu da zaɓin mutane, mutane kuma sun fi yaba amsar da ta goyi bayansu. A Afrilu 2025 sai da kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye wani sabuntawa na manhajarsa GPT-4o saboda yawan yabo da bin ra'ayin mai amfani. In ka ɗora bincikenka a kai, kana iya samun wakilan da ke ba ka sakamakon da kai mai bincike kake fata, ba tare da ka lura ba. In dai kana so wakilanka su yi magana, ka ajiye rabo da tsoro da ma'ajiyar tuni a manhajarka, inda za ka iya buga su a tebur bayan kowane mataki, sannan ka miƙa wa manhajar harshen lambobin ta mayar da su zance, kada kuma zancen ya dawo ya taɓa lissafin.